Dabarun zama da kwamfuta a ƙasar zafi da ƙura

Wata ranar Lahadi cikin bazara, wani yayana da ke sayar da shinkafa da man girki a Maraɗi ya aiko yaronsa ya kira ni da gaggawa. Na iske shi zaune cikin mangaza, ya cire hula ya ɗora bisa gwiwa, ga kwamfutar da yake ajiyar lissafinsa a gabansa ta ƙi tashi. An ɗauke wuta da hantsi, aka maido ta da ƙarfi, aka ji ɗan ƙara da ƙauri, shi ke nan. Na ce masa, "Yaya, ai wannan ba abin tada hankali ba ne. Ƙarfe ne, sai a sayi wani." Ya dube ni ya ce, "Har yanzu kai yaro ne. Sunayen mutanen da nake bi bashi, daga Tasawa har Dakoro, suna cikin ƙarfen nan, kuma kayen da nake rubutawa a da, shekara uku ke nan ban buɗe shi ba."

Allah ya rufa asiri. Akwatin da ke rarraba wuta a cikin na'urar ne ya ƙone, faifan ajiya bai taɓu ba, mai gyara ya cire shi ya jona da wata na'ura ya kwashe komi. Amma kafin a kai ga haka Yaya ya yi kwana biyu bai runtsa ba, domin ya san halin bashi: wanda ba a iya nuna masa a rubuce, sai mai tsoron Allah ke tuna shi.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke zama da wannan na'ura, wadda ƴan lakwal ke kira ordinatar, a shagunanmu da birorinmu. Abin da na gani shi ne, yawancinmu mun iya kunnawa, mun iya buga wasiƙa, mun iya kallon bidiyo, amma muna kula da ƙarfen fiye da abin da muka zuba cikinsa, alhali ƙarfe yana da kasuwa, lissafin shekara uku kuwa ba a sayen sa ko'ina. Dabarun da ke tafe ba na masana ba ne. Na ɗan kasuwa ne da na ma'aikaci, waɗanda ke son aikinsu ya tsira, ya kuma yi sauri, ba tare da sun sake kashe kuɗi mai yawa ba.

Wuta ita ce abokiyar gāba ta farko

Ba sai an gaya wa mutumin Yamai ko Damagaram abin da ake nufi da ɗauke wuta ba. Shekaru da dama kaso mai yawa na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma da aka katse layin a watan Agusta na 2023, har zuwa farkon 2024, kowane biro ya ɗanɗana. Ko a lokacin lafiya ma, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, wuta ba ta da alkawari.

Don haka dabara ta farko, wadda ta fi kowace araha, ita ce yatsu biyu: Ctrl da S. Da zarar ka buɗe sabuwar takarda, kafin ka rubuta ko bisimilla, ka ba ta suna ka ajiye ta. Daga nan kuma, duk sakin layin da ka ƙare, ka danna Ctrl da S, har abin ya zame maka jiki kamar gyaran hula. Abin da kake bugawa yana zaune ne a wata ƙwaƙwalwa ta wucin gadi da ake kira RAM, wadda ba ta riƙe komi in babu wuta. Sai ka ajiye ne yake sauka cikin faifai. Word da Excel suna ɗan ajiye wa mutum a ɓoye, amma a yadda suka zo daga masana'anta sai bayan kowane minti 10. Minti 10 a hannun sakatariya mai sauri shafi guda ne. Ka shiga Fichier, sannan Options, sannan Enregistrement, ka mai da 10 ɗin nan 2. In kuma tsautsayi ya riga ya faɗa, ka rufe takarda ba ka ajiye ba, kada ka fid da rai: a Fichier, ƙarƙashin Informations, akwai Gérer le document, inda sau da yawa ake samun wadda ba a ajiye ba tana jira.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware tsakanin regilatar da ondilar, domin na sha ganin an sayi ɗaya da niyyar ɗaya. Regilatar yana daidaita ƙarfin wuta ne kawai, ya riƙe ta kusa da bolt 220 in ta yi sama ko ƙasa. Ba shi da batir, in wuta ta tafi shi ma ya tafi. Ondilar shi ne mai batir, kuma ƙaramin da ake sa wa kwamfuta guda ba a yi shi don a ci gaba da aiki har la'asar ba. Mintoci kaɗan yake ba ka, daidai ka ajiye aikinka ka kashe na'ura cikin mutunci. Kada a jona masa na'urar buga takarda mai aiki da leza, domin jan wutarta ya fi ƙarfinsa, kada kuma a jona masa butar dafa ruwan shayi, ko da darakta ne ya ce. Batir ɗinsa yana gajiya, zafi kuma yana gaggauta gajiyar; lokaci-lokaci ka ajiye aikinka ka zare wayarsa daga bango ka ga ko zai riƙe. Wanda ke aiki da gurup ya bari injin ya daidaita numfashi tukuna ya kunna kwamfuta. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, kashewa kaɗai ba ta isa ba: a zare waya daga bango, a zare ta intanet ma in akwai.

Ƙura kuwa aikinta a hankali take yi. Iskar hunturu tana cusa ta cikin ramukan da na'ura ke shan iska, ta daskare bisa fankar ciki, zafi ya taru, na'ura ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wata rana kuma ta riƙa mutuwa ba sallama. Mai ita sai ya ce ta tsufa, alhali numfashi ne ya gagare ta. A ɗaga ta daga ƙasa, a ja ta nesa da bango kamar taƙi guda, a kai ta a hure mata ƙura bayan kowane hunturu. A lulluɓe ta da zane in an tashi aiki ta huce, amma ba tana aiki ba. Ta tafi-da-gidanka ba a ɗora ta bisa katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shan iska, ba a kuma barin ta cikin mota a rana.

Rumbu ɗaya ba ya isa

Manomi mai hankali ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a wuri guda. Haka nan duk abin da ke cikin kwamfuta wanda ɓatansa zai hana ka barci, ya kamata a ce akwai shi a wuri uku: cikin na'urar, cikin wani faifai ko kile na dabam, sannan a wani wurin da ba ginin da na'urar take ba. Wannan na ukun ne mutane ke rainawa. Faifan da ke cikin aljihun teburin da kwamfuta ke kai, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, gobara ɗaya ce za ta cinye su. Dattawan Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba, mutanen Maraɗi kuma sun ga abin da ruwan daminar 2024 ya yi wa gidaje da shaguna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai intanet yana da hanya mai sauƙi. Google Drive yana ba da jiga 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, lissafin shago na shekara goma kuwa ko jiga guda da wuya ya cika. Sai dai ma'aikacin gwamnati ya yi hattara: takardun hukuma ba nasa ba ne, kada ya ɗora su a ma'ajiyarsa ta kansa sai da izinin na gaba da shi.

Abu biyu ke lalata wannan ajiya. Na farko rashin rana tsayayya. Wanda ya ce "in na samu lokaci" ba zai samu ba. Yayana yanzu ya tsai da Alhamis bayan la'asar: yaronsa ya kwafe, shi kuma ya sa kile ɗin cikin aljihu tare da makullan mangaza ya tafi da shi gida, ƙarshen wata kuma a buga jerin masu bashi a takarda ya sa hannu. Na biyu rashin dubawa. Akwai mai kwafewa shekara guda, ranar buƙata ya buɗe ya iske kile ɗin ya mutu tuntuni, ko kuwa na jabu ne, irin wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi, yana karɓar kaya yana zubarwa. Araha ba ta ado. In ka kwafe, ka buɗe fishiye ɗaya ko biyu daga cikin kile ɗin ka gani da idonka, kuma kada ka fizge shi sai ka danna Éjecter na'ura ta sallame shi.

Sunan da ake ba takarda ma wani abu ne. Na taɓa ganin dosiye mai ɗauke da "rahoto", "rahoto sabo", "rahoto na ƙarshe", da "rahoto na ƙarshe gaskiya", kuma wanda aka kai wa shugaba ya sa hannu ba shi ne na gaskiyar ba. Ka fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-14, sannan abin da ke ciki. Na'ura da kanta za ta jera su bi da bi.

Kile yana ɗauko cuta kamar yadda yake ɗauko aiki. Wadda ta fi addabar birorinmu ita ce mai mai da dosiye duka su koma ƴan hotuna masu ƙaramar kibiya a gindi. Mutum ya ga haka sai ya ɗauka kayansa sun tafi, ya goge kile ɗin gaba ɗaya, nan ne fa asarar take faruwa da hannunsa. Kayan suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna waɗannan masu kibiyar, domin dannawar ce ke sakin cutar cikin na'urarka. A fara wanke kile ɗin da maganin ƙwayar cuta, sannan duk mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da su cikin minti guda da umarnin da ake kira attrib. Windows na yanzu yana zuwa da maganinsa, Microsoft Defender, kuma ya wadatar wa yawancin mutane in ana barin sa yana sabunta kansa. Haɗa magani biyu a na'ura ɗaya kamar haɗa zakaru biyu ne a akurki, faɗa za su yi ta yi na'ura ta yi nauyi. Ka ware kile guda na yawo, wanda ake kaiwa wurin buga takardu a gari, kada ya taɓa zama shi ne na ajiya. Ka kuma sa na'urarka ta riƙa nuna wutsiyar sunan kowane fishiye, ta Affichage, domin abin da aka aiko maka da sunan faktir, in wutsiyarsa exe ce ba pdf ba, ba faktir ba ne, tarko ne.

Masu ƙin sabunta Windows don tsimin kuɗin intanet su tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Tun watan Maris na shekarar Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ɓarakar. Waɗanda ba su sa ba su ne suka kwana ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ƙaramin ƙarfi ya shiga saitin Wi-Fi ya kunna Connexion limitée don na'ura ta rage shan intanet ba da saninsa ba, amma ya ware rana guda a wata ya bar ta ta sabunta.

Aikin yatsu

Linzamin nan da masu Faransanci ke kira suri, wato kusu, yana da daɗin koyo, amma shi ke cinye lokacin ma'aikaci. Ctrl da C kwafi, Ctrl da X yanka, Ctrl da V liƙa: wannan dabara ta yanka-liƙa wani Ba'amurke ne mai suna Larry Tesler da abokan aikinsa suka fito da ita a kamfanin Xerox cikin shekarun 1970, ya rasu a 2020, kuma ban san adadin sakatarorin da ya hutar ba tare da sun san sunansa ba. Ctrl da Z yana warware kuskuren da ka yi yanzu, har fishiyen da ka jefa kwandon shara bisa kuskure yana maidowa. Amma wanda aka goge da Maj da Suppr ba ya bi ta kwandon. In haka ta faru, ka daina ajiye komi a faifan nan take ka nemi mai gyara, domin sabon rubutu ne ke binne tsohon.

Ctrl da F yana nemo suna guda cikin jerin shafi ɗari. Ctrl da H yana canza kalma a duk inda ta fito. Wanda ya rubuta 2024 sau arba'in a rahoton 2025 zai gode masa. Alt da Tab yana ƙetara da kai daga wannan aiki zuwa wancan. Maɓallin Windows da kibiyar hagu ko ta dama yana raba fuskar na'ura biyu, faktir a gefe guda lissafi a ɗaya gefen, ba sai ana rufe wannan ana buɗe wancan ba. Windows da V, in ka kunna shi sau ɗaya, yana tuna abubuwa da dama da ka kwafa, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Akwai wata matsala tamu ta mutanen kan iyaka. Na'urar da aka sayo daga Kano jerin haruffanta na Ingilishi ne, tamu ta biro kuwa na Faransanci. A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, M ma ya ƙaura, kuma a na Faransanci sai an riƙe Maj lambobin sama ke fita. In ka ga kana buga A tana fito da Q, ba aljanu ba ne, ba lalacewa ba ce: hannunka ne ya taɓa Alt da Maj tare harshen ya juya. Danna Windows da dogon maɓallin tazara ka zaɓi wanda kake so. Haka nan kaurara rubutu Ctrl da G ne a Word na Faransanci, Ctrl da B a na Ingilishi.

Tun da Hausa muke rubutawa, bari in tsaya kan haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubutawa da waƙafi a gaban y. Mutane da yawa sun haƙura da su don ba su gan su a allon haruffa ba, amma takardar da ta ce wa talakawa su hallara a fada dabam take da wadda ta kira su faɗa. A Word, shiga Insertion, sannan Symbole, ka nemo harafin. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ 01B4. Kafin ka rufe, danna Touche de raccourci ka ba kowanne maɓallinsa, misali Alt da K don ƙ. Aikin minti biyar ne sau ɗaya a rayuwar na'ura. Windows ma yana da allon haruffan Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe.

Littafin bashi da ke lissafa kansa

A nan ne ɗan kasuwa ya fi yin asarar abin da ya riga ya saya. Na ga masu buɗe Excel su zana layuka, sannan su ɗauko kalkuleta su haɗa jimla su buga da hannu, kamar mai mota da ya ɗaure mata jaki yana ja. Ai tun farko don lissafi aka ƙirƙiri irin wannan manhaja: VisiCalc, kakarsu duka, ta fito a 1979, kuma saboda ita ne ƴan kasuwar Amurka da yawa suka fara sayen kwamfuta.

Ka yi layi guda a sama: rana, suna, kaya, adadi, farashi, abin da aka biya, saura. Kowane ciniki layinsa guda. A gidan saura kada ka buga lamba, ka buga umarni, wanda kullum yake farawa da alamar daidai: =D2*E2-F2. Ka ja shi ƙasa, kowane layi ya lissafa kansa. Jimlar bashin da kake bi duka =SOMME(G2:G500) ce. In kana son sanin abin da mutum guda ya ci, ko sau nawa ya zo, SOMME.SI zai tattaro duk layukan da sunansa ya fito ya haɗa, da sharaɗin kullum iri ɗaya kake rubuta sunan. In yau ka sa Alhaji gobe ka sa Elh., na'ura mutum biyu ta sani. Ctrl da alamar waƙafi mai ɗigo yana sa kwanan watan yau. Figer les volets, ƙarƙashin Affichage, yana tsai da layin sama don kada ka manta wane gida ne na me in ka gangara layi na 300.

Mai sayen kaya da naira ya sayar da sefa, ga abin da zai fi yi masa amfani. Canji ba ya zama wuri ɗaya, don haka kada ka cusa shi cikin kowane layi. Ka ware masa gida guda a gefe, a ce J1, kowane umarni ya riƙa komawa can. In ka rubuta J1 cikin umarni ka danna F4, zai koma $J$1, wato an ɗaure shi ba zai zame ba in ka ja ƙasa. Ranar da canji ya motsa, lamba ɗaya za ka gyara, farashin kaya ɗari biyu ya gyaru kafin ka ɗauke hannu, ka ga nan take wane kaya ne ya daina ba da riba. Haka za ka yi da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, da kuɗin duwan, da na dako.

Tarkuna uku ne a nan, kuma kowannensu ya taɓa cin wani. In ka rubuta lamba ka bi ta da F ko sefa a gida ɗaya, Excel na iya ɗaukar ta a matsayin rubutu ya tsallake ta wajen jimla, ba kuma zai gaya maka ba. Alamar ita ce rubutu yana jingina hagu, lamba tana jingina dama. Na biyu ɗigo: jika goma sha biyu da rabi, in ka rubuta 12.500, na'urar da ke kan tsarin Ingilishi sha biyu da rabi tak za ta karanta. Rubuta 12500 salin alin. Na uku shi ne mafi muni: ka zaɓi jerin sunaye kaɗai ka ce a jera su bisa haruffa, sunaye su motsa kuɗi su tsaya, bashin wannan ya koma kan wancan. In na'ura ta tambaye ka, ka yarda ta faɗaɗa zaɓin zuwa dukan layuka. In ka riga ka yi, Ctrl da Z kafin ka ajiye.

Faktir ko takardar farashi da za ta fita daga hannunka, ka mai da ita PDF ta Enregistrer sous kafin ka aika. Tsarinta ba zai watse a na'urar wani ba, kuma ba a canza mata lamba da sauƙi kamar ta Word. Ma'aikacin da ke buga takardar gayyata ko ta shaida ga mutum ɗari, yana goge suna yana sa suna, ya roƙi wani ya nuna masa Publipostage: sunaye a Excel, wasiƙa guda a Word, na'ura ta aurar da su.

Kafin a ce ta tsufa

Na'urar da ke ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, sau da yawa kaya ne aka labta mata. Danna Ctrl da Maj da Échap tare, ka duba ɓangaren Démarrage: duk manhajar da ke tashi tare da na'ura tana nan, ka kashe waɗanda ba ka buƙata da safe. In kuma za a kashe kuɗi, wuri guda ya fi cancanta. Tsohon faifai ƙarfe ne mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da allura tana bin sa. Sabon, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure girgizar hanya. Na ga na'urar shekara takwas da aka sa wa SSD aka kai RAM ɗinta jiga 8, mai ita ya fasa sayen sabuwa.

Sai dai akwai iyaka. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, ban da wani ƙarin wa'adi na musamman ga wanda ya yi rajista. Na'urar ba ta mutu ba, amma ɓarakar da aka gano bayan nan ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa ba ya hawa kowace tsohuwa, yana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Mai sayen okaziyo ya tambayi wannan kafin ya taya, ya kuma sa a buga umarnin powercfg /batteryreport a gabansa, wanda zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. Wadda ba ta iya ɗaukar Windows 11 ba ta zama shara ba: Linux Mint kyauta ne, yana tafiya a tsofaffin na'urori, yana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, ko da yake sai an ɗan yi haƙurin sabo.

Saura sirri. Ma'aikacin da ya tashi salla ya bar jerin albashin mutane a buɗe, ko ɗan kasuwar da ya bar farashin sarinsa yaron maƙwabci na leƙe, Windows da L kawai ya rasa. Yana kulle fuskar na'ura nan take ba tare da ya rufe aikin ba. Kalmar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwa, kada a manna ta a jikin na'urar. Yaran gida in za su taɓa, a buɗe musu nasu asusun dabam.

Ranar da za ka sayar da na'ura ko ka kyautar, ka sani jefa fishiye a kwandon shara da zubar da kwandon ba ya shafe shi daga faifai. Wanda ya san hanya zai iya tono lissafinka da hotunan iyalinka. Ka kwashe naka tukuna, ka tabbatar sun buɗe a wani wuri, sannan ka shiga Paramètres ka nemi Réinitialiser ce PC, ka zaɓi a share komi, ka kuma kunna zaɓin wanke faifan sarai. A tsohon faifai abin yana iya cin awoyi da dama, don haka a fara shi a ranar da ake sa ran wuta za ta zauna, a kuma jona ta da ondilar.